Minti Tara Daga Bagega

Anka, Alhamis 9 ga Satumba, 2021

Zuwa ga taubashina Faruku, mai shagon caji da turin waƙoƙi, bakin tasha, Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da matarka Zaliha da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Innarmu da ta motsa da damina. Bara'atu na gaishe ka, ta ce in tuna maka shekara shida ke nan da aurenmu ba ka tako Anka ba, wai ko zumuncin da kakarka da kakana suka bari ya tsaya a bakin gadar Gummi ne.

Ka ga abin da yanke sabis ya jawo, ni Musbahu da biro a hannu. Rabona da rubuta wasiƙa tun muna aji uku. Uba direba ya ce zai riƙa kai maka yana kawo mini amsa, tunda motarsa ta kaya ce ana barin ta ta wuce. Aiki kuwa ya tsaya cak. An hana sayar da mai a jarka, to wa zai kawo janareto gyara alhali ba abin da zai zuba masa? Ina zaune a rumfa ina korar ƙudaje.

A cikin ƙullin ledar nan akwai memori. Na wayata ne na cire, ba ni da wani kwafi, saboda haka kada ka jefa shi cikin tarkacen teburinka.

Mako uku bayan babbar salla aka kira ni Bagega, bikin 'yar wani dillalin hatsi, in kai inji in zauna kusa da shi. Na ɗauka kalangu zan sha. Sai na tarar da mutum uku daga cikin ragowar masu haƙar zinari, waɗanda ba su tafi ba da aka hana haƙa. Babbansu Zayyad, Buzu ne daga wajen Agadas, siriri, da wata jar gitar lantarki da aka ɗaure wuyanta da wayar birki. Sai Sharu, Bafillacen Bukkuyum, da ganga biyu da kwanon wankin zinari da ya kafa a kan sanda yana duka. Na ukun ɗan Tawa ne mai gita mai kaurin murya, har muka rabu ban ji ya ce uffan ba.

Ka tuna ranar da muka bi motar albasa zuwa Kwanni, muka maƙale a bayan katanga muna jin masu gita? Ka tuna kaset ɗin rok ɗin nan marar bango da ka saya a can, kake cika baki wai turawan da ke ciki ko a garinsu ba wanda ya san su sai kai? To waɗannan sun shafe su duka. Zayyad yakan fara a hankali kamar mai lallashin raƙumi ya tashi, sannan ya taka wani ɗan akwati da ke ƙasa, sai gitar ta yi wata ƙara mai kaushi da na ji ta har cikin haƙorana. Daga la'asar suka fara, tsofaffi na cewa wannan ai hayaniya ce, kafin awa ɗaya su ne a gaba. Tsakiyar wasa mai ya ƙare, wani Jatau mai sayar da fetur a kwalba ya zubo mana galan ɗaya, na tada inji ana ta ihu. Na ɗora wayata a kan buhu kusa da lasifika, ta ɗauki awa biyu cif.

Sunansu Taurarin Rami. Ba su da faifai ko ɗaya, ba wanda ya taɓa ɗaukar su sai ni. Da za mu rabu Zayyad ya riƙe hannuna ya ce, "In ka ba wani ya ji, ka hwaɗa mai sunanmu." To na faɗa maka, kai ma duk wanda ka ba ka faɗa masa.

Naka, wanda ya riga ka ji,
Musbahu

Gummi, Alhamis 16 ga Satumba, 2021

Musbahu, bakanike marar kunne,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna na yi wa Innarku sannu da ƙafa, ta ce a gwada gasa ta da ruwan ɗumi da gishiri. Ka ce wa Bara'atu hanyar da ta zo Anka daga Gummi ita ce ta zo Gummi daga Anka.

Na janye zagin da ke sama. Kana da kunne. Na rufe shago da rana tsaka na saurari awa biyun nan, masu caji na bubbuga ƙofa ina jin su. Shekara goma sha huɗu ina tara kiɗan gita, na Agadas, na Mali, na turawan da suka yi faifai ɗaya suka watse, ina da abin da ko gidan rediyo ba su da shi. Ban taɓa jin hannu irin na Zayyad ba. Mutumin nan ba ya gaggawa. Yakan riƙe siririyar tsirkiya yana murza ta har ka ƙosa, sai ka fid da rai sannan ya sake ta. Kwanon wankin zinarin nan kuma ya fi faranti goma na kanti.

Sai dai kai ba ka san sana'a ba. Wa zai ɗauki awa biyu a ɗan memorinsa? Ga addu'ar liman, ga guɗa, ga jerin sunayen dangin amarya kamar ana rabon gado. Na sa shi a kwamfuta na yanko zuciyar abin, minti tara. Daga inda injinka ya yi tari wuta ta ɗauke, Sharu ya ci gaba da duka shi kaɗai, babura na ta kuka a gefe, har inda wuta ta dawo gitar ta faɗo a kan mutane, Zayyad ya bar Buzancinsa yana maimaitawa da Hausa, "Jatau ya kawo mai, Musbahu ya tada inji." Na ƙirga, sau goma sha bakwai ya faɗa. Ka zama babban mutum.

Tunda aka yanke sabis wayar kowa ta koma rediyo, layi ake yi a shagona. Ranar farko na kunna shi a lasifikar waje, kafin magariba na tura wa mutum talatin. Yanzu direbobin Bukkuyum ma shi suke tambaya, su kuma suna tura wa juna.

Maganar suna kuma. Ka san yadda nake aiki, kiɗa yakan zo mini da lamba kawai, sai in rubuta masa sunan wanda ya kawo shi, don in an ce "ba ni na wane" in gano shi nan take. Ina da "Na direban Tawa", ina da "Na malamin firamare". Naka na sa masa "Musbahu Anka". Taurarin Rami wa ya san su? Kai ne ake jin sunanka a ciki, kai ake tambaya. In sun yi suna ma gyara.

Ka nemo mini su. Ka ce wa Zayyad akwai mutum a Gummi da zai ba shi ɗaki da tuwo, shi dai ya kaɗa.

Taubashinka da ya fi ka sanin kiɗa,
Faruku

Anka, Asabar 25 ga Satumba, 2021

Faruku,

Gaisuwa. Muna lafiya. Uba na ɗora kaya, ba zan tsawaita ba.

An kama Jatau ranar Talata, da jarkoki takwas a cikin buhunan gawayi, a hanyar daji. An ce shi ke kai wa 'yan bindiga mai tun bara, shi ke gaya musu motar da ta taso. 'Yan sa-kai sun fita da shi bayan gari, ba a sake ganinsa ba. Ni ranar bikin nan na fara ganinsa, ita ce kuma rana ta ƙarshe.

Jiya ina zaune a rumfa wani yaron mota ya wuce, wayarsa na rera sunana da na Jatau a jere. Na kira shi na duba, na ga abin da ka rubuta. Ka saurari minti taran nan da kunnen wanda bai je Bagega ba. Babu liman, babu amarya, babu mace ko ɗaya. Yare ne da ba a ji, da kukan babura, da maza na ihu, da mutum biyu da ake yabo, ɗaya ya kawo mai ɗaya ya tada inji. A nan an fara cewa shagalin daji ne.

Na ce ka faɗi sunansu, ka rubuta nawa. Ba yanzu za mu yi wannan maganar ba. Ka goge shi daga kwamfuta, ka daina turawa, duk wanda ya kawo caji ka cire masa. Memorin ma ka karya shi. Kada ka tsaya yi mini wayonka na masu tara kiɗa. Ka rubuto ka ce ka yi.

Musbahu

Gummi, Laraba 29 ga Satumba, 2021

Ɗan'uwana Musbahu,

Ina gaishe ka, ina gaida gida. Wasiƙarka ta hana ni cin abinci.

Wallahi ban yi da wata manufa ba, kai ma ka sani. Haka nake yi wa kowa, ba a taɓa samun matsala ba. Amma na ji, na kuma yi. Na goge na kwamfuta, gajeren da dogon. Na cire shi daga waya ashirin da shida cikin kwana biyu, wasu har da faɗa. Memorin na sa filaya na karya shi biyu, na jefa a masai. Babu sauran komai a hannuna.

Ka kwantar da hankalinka. Kowa a Anka ya san ka, ya san ubanka. Mutum ɗari sun je bikin nan, ko biyu suka buɗe baki magana ta ƙare. Ka ɗan rage zama a rumfa har abin ya lafa.

Faruku

Anka, Litinin 4 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Yaya Faruku.

Assalamu alaikum. Ni ce Bara'atu, matar ɗan'uwanka. Ina gaida Inna da Zaliha. Lafiyar jiki muna da ita, ban da shi.

'Yan sa-kai sun zo sun tafi da shi ranar Alhamis da hantsi, yana cikin wanke hannu zai karya. Yana rufe a wani ɗaki a bayan gidan Malam Saifullahi, wanda shi ne shugaban kwamitin tsaro na unguwarmu. Ba ka san Malam ba. Mutum ne mai gaskiya, amma ɗansa Ridwan na cikin mutum biyar da aka kashe a hanyar Bagega ƙarshen watan Agusta, kuma an ce Jatau ne ya nuna motarsu. Ka ga irin kunnen da zai saurare mu da shi.

Ka ce mutum ɗari sun je biki. Na bi gida tara da ƙafata. Kowa ya ce shi ranar yana gona. Uban amarya ya kwashe iyalinsa ya bar Bagega, ba a san inda ya nufa ba. Masu gitar sun watse. Ɗan'uwanka ya ce musu biki ne, har Ridwan ɗin ma yana wurin yana rawa. Da ya faɗi haka samarin suka ce yana yi wa mamaci ƙazafi, ɗan malami ba ya zuwa wurin kiɗa, suka rufe shi da duka. Da na kai masa abinci na ga jini ya bushe a kunnensa na hagu. Sai na yi magana sau biyu yake juyowa.

Samarin suna so su fita da shi kamar yadda suka fita da Jatau. Malam ne ya tare. Ya ce mini, "In biki na, a kawo min bikin in ji. Na ba ku hab Alhamis ta sama, sha huɗu ga wata. Bayan nan ba ni iya riƙe su."

Wasiƙarka ta iso ranar Asabar, ni na buɗe ta. Na karanta inda ka ce ka karya ka jefa a masai, na sake karantawa ko idona ne. Shi ya ce ka yi, na sani. Amma ka yi saurin bin maganarsa a nan, ba ka bi ta ba a inda ya ce ka rubuta sunan masu kiɗa. Sunan da ni matarsa ban taɓa kira da bakina ba, kai ka rubuta shi a wayar kowane yaron mota daga Gummi har Anka.

Ba zagi na zauna yi ba. Tambaya ɗaya ce. Kafin ka goge, ko akwai wanda ka tura wa dogon, mai addu'a da guɗa? Ko mutum ɗaya, ko ya tafi Sakkwato ne, ka bi shi. In babu, ka rubuto ka ce babu, in san abin da zan gaya wa Innar ɗan'uwanka.

Bara'atu

Bukkuyum, Laraba 13 ga Oktoba, 2021

Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Allah ya sa wannan ta same ki kafin gobe. Wasiƙarki kwana takwas ta yi a hanya, an rufe titi bayan harin makon jiya, sai jiya da azahar Uba ya miƙa mini ita.

Ban tura wa kowa dogon ba. Amma na yi wa mijinki ƙarya. Na kwamfuta na goge da gaske. Memorin kuwa na sa shi a bakin filaya, na riƙe, na kasa matsawa. Na ce a raina duk duniya nan kaɗai Zayyad yake, in na karya shi kamar bai taɓa kaɗawa ba ne. Sai na manna shi a cikin gidan wani tsohon kaset, na rubuta muku cewa na jefa a masai. Son kiɗa ne ya sa, ba hangen nesa ba, kada ki gode mini. Ga shi nan Zaliha ta ɗinke shi a cikin naɗin hular da Uba zai ba ki. Ki farke ta gefen da aka yi da baƙin zare.

Na taso ne da niyyar in kawo shi da kaina, in tsaya gaban Malam in ce ni na yanka, ni na rubuta sunan. A nan Bukkuyum aka sauke fasinja duka, motocin kaya kaɗai za a raka. A shingen ana duba wayoyi, ina tsaye na ji minti taran nan na tashi daga wayar wani bawan Allah da aka durƙusar a rana. Na roƙa a bar ni in hau bayan motar Uba, aka hana. Ba zan ɓoye miki ba, da aka hana ni sai na ji sanyi a raina, kuma kunyar wannan ba za ta bar ni ba. Uba ya san abin da ke cikin hular, ya kuma sa ta a kansa. Na haɗa da takarda ta biyu zuwa ga Malam, da sunana da na ubana da inda shagona yake. Wayata na baro ta a gida saboda shingaye, don haka ban iya kwafa ba. Wannan ɗin shi ke nan, ki riƙe shi da kyau.

Na saurare shi ya fi sau ashirin, ga abin da ke ciki. Farko liman na addu'a, ya ambaci amarya Dija da angonta. Sai guɗar mata. Daga nan Zayyad na kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, yadda makaɗa ke yi wa duk wanda ya shigo fili, na ƙirga suna talatin da ɗaya kafin a zo kan Jatau. Mijinki gaskiya ya faɗa. A awa ɗaya da minti goma sha ɗaya an ce "Ridwan ɗan Malam, na Anka," kuma wani saurayi ya matso kusa da wayar yana dariya yana cewa a sake.

Ban san abin da wannan zai yi wa Malam ba. Yana iya buɗe ƙofar, yana iya ƙara mata kwaɗo. Ku da kuka san shi ku duba ko a gaya masa kafin a kunna. Abu ɗaya nake roƙo, kada a bar kowa ya tsallake ko minti ɗaya. Yankan da na yi ne ya kawo mu nan.

Faruku

Anka, Juma'a 15 ga Oktoba, 2021

Yaya Faruku,

Gaisuwa. Uba ya iso yau da hantsi, kwana ɗaya bayan wa'adi. Ayarin ya kwana a hanya.

Ɗan'uwanka yana da rai. Jiya tun da safe Innarsa ta ja ƙafarta ta je ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin da yake, ta ce wa samarin duk mai shiga sai ya taka ta. Har magariba ba wanda ya taka. Yau na kai wa Malam hular da takardarka. Ya karanta, ya ce gobe bayan azahar za a saurara a zaurensa, gaban dattawa.

Ban gaya masa maganar Ridwan ba. Na kasa. Ka yi mana addu'a.

Bara'atu

Anka, Talata 2 ga Nuwamba, 2021

Faruku,

Assalamu alaikum. Ina gida. Ina gaida Inna da Zaliha, ka ce mata ɗinkinta ya yi ƙarfi, sai da reza aka farke. Ƙafar Innarmu ta kumbura tun zaman da ta yi a ƙofar nan, amma tana takawa. Na jinkirta rubutu ne don ban san da wace murya zan yi maka magana ba.

Bara'atu ta ce in ba ka labarin zaman, ka cancanci wannan ko ba komai.

Dattawa goma sha ɗaya ne a zauren, samari cike da ƙofa, ni a tsakiya hannuna a ɗaure. An kawo wata 'yar lasifika mai batir aka ajiye a kan buzun Malam, mutumin da ko a rediyo aka sa kiɗa yakan kashe. Wani ya ce a tsallake zuwa inda aka kira sunan Jatau kawai a gama. Malam ya ɗaga takardarka ya ce, "Mai yankan ya ce kar a tsallake. Daga hwarko za mu ji."

Aka ji liman. Aka ji guɗa. Sai Zayyad ya shigo, a zauren Malam Saifullahi, da rana tsaka. Ni ganga kawai nake ji sosai, don haka fuskoki na riƙa kallo. Da aka fara kiran sunaye, mutum biyu daga cikin waɗanda suka ce wa Bara'atu suna gona suka sunkuyar da kai, ɗaya ma a cikin dattawan yake. Akwai wani saurayi a bakin ƙofa, cikin waɗanda suka dake ni, na ga babban yatsan ƙafarsa na bin gangar Sharu bai sani ba. Aka tsaya aka yi la'asar aka dawo.

Ban ji lokacin da aka kira Ridwan ba. Na dai ga Malam ya ɗaga hannu. Ya ce, "Mai da shi baya." Aka mayar. Ya matso da kunnensa har gemunsa na taɓa lasifikar. Wannan karon na ji, don an ƙure murya: "A sake, Zayyad, don Allah a sake wagga," da dariyar nan tasa. Sau uku Malam ya sa aka mayar. Wani dattijo ya fara cewa murya ai takan yi kama da murya. Malam bai ko dube shi ba, ya ce, "Ɗana na. Muryatai ta." Sannan ya ce a ci gaba, ya zauna ya ji sauran har ƙarshe, har da minti taranka, har inda aka ce magariba ta yi kowa ya kama hanya.

Da ya ƙare ya ce, "In kiran suna wurin biki laihi na, ku hwara da gidana. Ku kwance shi." Shi da kansa ya riƙe mini takalmi na saka. Ina bakin ƙofa ya kira ni, sai da aka taɓa ni na juya. Ya ce, "Masu kiɗin ga da yaron nan ka so, mi as sunansu?" Na gaya masa. Ya maimaita a hankali, ya cire memorin ya sa a aljihun gaban rigarsa. Bai mayar mini ba, ni kuma ban tambaya ba, kuma kai ma kada ka tambaya.

Na yi fushi da kai, Faruku, har yanzu da saura. Kwana goma sha shida a ɗakin nan ina tsine wa shagonka. Na kuma san da ka bi maganata ka matsa filayar, da yanzu ana zaman makokina. Na rasa inda zan ajiye waɗannan biyun, na bar su tare.

An ce Zayyad ya tsallaka iyaka da gitarsa. Sharu ya koma wurin shanun babansa. Ɗan Tawa ba wanda ya san inda ya yi. Abin da ya rage nasu a hannun mutane shi ne minti taran nan, kuma ba ni da ikon kiran sa ya dawo. Saboda haka ka daina gogewa. Duk wanda ya kawo caji ka ga yana da shi, ka cire sunana ka rubuta Taurarin Rami. Ko waya ɗari biyar ce, ɗaya bayan ɗaya, wannan aikinka ne.

Na je asibiti. Sun ce kunnen hagu ya tafi, na dama kuma yana ƙugi, wataƙila ya lafa wataƙila a'a. Injin da ke ciwo yanzu da tafin hannu nake gane shi. Shekaranjiya na karɓi wayar wani na kunna minti taran, na kai wurin da wuta ke dawowa, na jira siririyar tsirkiyar nan da ka ce yana murzawa har mutum ya ƙosa. Na san tana wurin. Ba ta iso ni ba.

In hanya ta buɗe ka zo, Bara'atu ta ce za ta ba ka ruwa, ba ta yi alkawarin fara'a ba. Ka zauna ta hannun damana, mu kunna, ka riƙa gaya mini abin da Zayyad yake yi.

Taubashinka,
Musbahu